Ko rashin zuwa ranar ziyara zai hana 'yata shiga makarantar likitan haƙori?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina zaune a Bronx, birnin New York. 'Yata na karatun digiri, burinta ta zama likitar haƙori. Wata makaranta a wata jiha ta gayyace ta ranar ziyara, wadda ake zagayawa da masu neman shiga su ga azuzuwa da asibiti. Kuɗin jirgi da masauki sun fi ƙarfinmu, ita kuma ta bi ta tayar da hankalinta, wai in ba ta je ba za a ce ba da gaske take ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar mata da hankali. Abin da kwamitin ɗaukar ɗalibai ke aunawa yana cikin fayil ɗinta: makinta na jami'a, musamman bayoloji da kemistiri, da sakamakon jarrabawar DAT (ta neman shiga makarantar likitan haƙori), wadda tun Maris 2025 ake ba da makinta daga 200 zuwa 600, da wasiƙun shaidar malamanta, da sa'o'in da ta yi tana kallon likitan haƙori yana aiki. Makarantu da yawa na son wajen sa'a 100. Leƙa harabar makaranta ba ya cike giɓin ko ɗaya daga cikinsu.

Ni abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yawancin makarantu ta AADSAS, wato tsarin haɗaka na miƙa takardun neman shiga ta intanet, ake nemansu, ana kuma fara miƙa takardu a farkon Yuni. Kamar yadda takardun ke isowa haka ake duba su, amsoshin farko su fito a Disamba. Wadda ta miƙa a Yuni ta sha gaban wadda ta jira Oktoba, ko da ta biyun ta zagaye makaranta goma.

Ziyara tana da amfaninta, ban raina ta ba. A intabiyu kusan dole a tambaye ta me ya sa ta zaɓi makarantar, kuma wadda ta zauna da ɗalibai ta ji a wace shekara suke fara taɓa bakin majinyaci, da yadda suke fama da bashin karatu, amsarta ta fi nauyi. Amma ba sai da jirgin sama ba. Makarantun likitan haƙori na jami'o'in NYU da Columbia suna nan Manhattan, kuɗin jirgin ƙasa ya ishe ta. Ta nesan kuwa, ta rubuta musu ta nemi zaman da suke yi ta intanet. In ta je ko'ina, ta girmama kowa har mai karɓar baƙi, don rashin ladabi shi ne abin da ba a mantawa.

Sai dai ku sake karanta wasiƙar da kyau, Hajiya. In gayyatar intabiyu ce, wannan ba a wasa da ita: ko kwasar adashi za ki nema, ta je, ko ta tambaya ko suna yin ta ta Zoom.