Godiyar kwana uku: amsa ga Maman 'yan biyu

Assalamu alaikum. Maman 'yan biyu, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na yi ta jira wata ta riga ni, amma amsoshin duk ba su wuce "Allah ya shirya mana zuri'a" ba. Amin. Sai dai tambayar ta fi ƙarfin addu'a ita kaɗai, shi ya sa zan sa baki, ki yi haƙuri da tsawon.

Ga waɗanda ba su gani ba: 'yarta mai shekara 15 ta karanta wani littafin Turanci na matasa, labarin wata yarinya da guguwa ta share garinsu, ya rage daga ita sai mahaifiyarta da ƙannenta, suna ƙirga loma suna rabon ruwan sha. Ta gama littafin da kuka. Kwana uku tana wanke-wanke ba a sa ta ba, har da "na gode Mama" bayan an ci abinci. A rana ta huɗu aka yi miyar kuka, ta koma tura baki. Shi ne uwar take tambaya, ta ƙaro irin waɗannan littattafai ne, ko ɓarnar kuɗi ce?

Ki ƙaro, 'yar'uwa. Amma kada ki ɗora wa littafi kayan da ba zai iya ɗauka ba. Kwana ukun nan da kika gani ba ƙarya yarinyar ta yi ba, tsoro ne ya taɓa ta, shi kuwa tsoro ba ya daɗewa a jikin wanda ya kwana a ƙoshe. Na san haka ne don na ga littafin da abin da littafin yake ba da labari sun haɗu a tsakar gidana, a nan cikin birnin Katsina.

Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, a 2018 yana da shekara 15 shi ma, kuma mayen irin waɗannan littattafai ne. Na taɓa karanta ɗaya daga ciki don in san abin da ke hana shi barci. Gaskiya shafukan farko dariya suka ba ni. An ɗauke wuta, famfo ya ƙafe, mutanen gari duk sun ruɗe kamar tashin duniya. Na ce masa, to ai wannan rayuwarmu ce ta yau da kullum. Don yaran Amurka da Ingila aka rubuta, waɗanda ba su taɓa jan guga ba. Amma da na yi nisa sai na daina dariya, domin wurin da uwa take cewa ta ƙoshi don 'ya'yanta su ci, wannan kam babu Bature babu Bahaushe a ciki.

Ranar Lahadi 15 ga Yuli na shekarar, da yamma aka buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya, Faransa ta ci Kuroshiya 4 da 2. Yaran unguwarmu sun dawo daga gidan kallo suna ta musu har bayan Isha'i. A daren nan ne ruwa ya sauka a Jibiya kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya hau unguwannin da ke bakinsa mutane suna barci. Sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi kuwa ba a magana. Waɗanda suka san yankin sun san ruwan Jibiya arewa yake nufa, ta Madarunfa ya bi Gulbin Maraɗi, shi ya sa wasu gawarwakin sai a ƙasar Nijar aka tsinto su.

Ƙanwar maigidana a can take aure. Allah ya tsare rayukansu gaba ɗaya, amma gidan na laka ne, ya narke kamar sukari a shayi. Maigidana ya tafi da asuba, bayan La'asar ya dawo da ita da 'ya'yanta biyar. Mijinta ya tsaya a makarantar firamaren da aka tsugunar da mutane, don kada a zo rubuta sunaye ba ya nan. Ba zan manta shigowarsu ba. Zanin jikinta na wata maƙwabciya ne. Babban ɗanta mai shekara 16, taubashin ɗana, silifas ɗinsa wari biyu ne daban-daban, ɗaya shuɗi ɗaya na mata. Shi ne ya goya autarsu ya haye rufin wani gidan bulo, suka zauna can cikin duhu har ruwa ya ja. Waɗannan yara biyu da in sun haɗu sai an raba su saboda tsokana irin ta taubasai, ranar ko kallon juna kasa yi suka yi.

Makon farko kowa waliyyi ne. Yarana suka kwashe kayansu suka ba su, 'yata ta bar wa Goggonta katifa ta koma tabarma, maƙwabta suna ta aiko da kwanuka. Irin kwana ukun 'yarki ke nan, sai dai namu ya kai bakwai.

Daga nan aka shiga abin da littattafan suke tsallakewa da gudu. Mu bakwai ne a gidan, muka koma goma sha uku, banɗaki ɗaya. Tiyar masara da take yi mana tuwon dare har a yi ɗumame da safe, yanzu sai an auna biyu kuma babu saura. Ga shi tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ja baya, sabo bai iso ba, kasuwa ta yi wuta. Sabulu ya zama abin faɗa. 'Yata ta fara ɓoye man shafawarta. Ɗana, mai littattafan jarumta, ya zo yana min ƙorafi wai taubashinsa yana firgita cikin dare yana hana shi barci. Yaron nan da zarar ruwa ya fara dukan kwanon rufi sai ya miƙe zaune, ya laluba ya taɓa ƙasa da tafin hannu ya ji ko ta jiƙe. Haka yake yi har gari ya waye.

Kuma ba zan wanke kaina ba, ni ce na fi su laifi. Wata rana ina cikin sito ina auna gari, na ce wa maigida a hankali, a zatona, "Wai har yaushe ne? Buhun nan ko Sallah ba zai kai ba." Ashe ƙanwar tasa tana bayan taga tana shanya. Ba ta ce komai ba. Kashegari ta ce tana azumin Litinin. Alhamis ma haka. Sai kuma ta ce tana da ramuwa. Sai da aka kusa mako biyu na lura matar nan kullum cikin azumi take, in an sha ruwa kuma ta ɗan taɓa kunu ta tura wa yara tuwonta. Tana shayarwa fa. Abin da na karanta a littafi na yi ƙwalla a kansa, ga shi ana yi a gabana, kuma ni ce sanadi, ban ma gani ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawan godiyarta. In na miƙa mata ruwa, "Allah ya saka da alheri, Yaya." In na ba ɗanta sabulu, sai ta sa shi ya durƙusa. Matar da a gidanta take kiwon awaki, take dakan fura ta sayarwa, take adashe tana tara wa 'yarta kayan ɗaki shekara da shekaru, duk ruwa ya tafi da su, ta dawo ba ta da abin bayarwa sai "na gode". A nan na gane akwai godiyar da take fitowa daga jin daɗi, akwai kuma wadda take fitowa daga jin nauyi, kuma ta biyun cin mutum take yi. Malamarmu ta Islamiyya ta tuna min ayar Suratul Baƙara ta 264, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ni da nake ganin ban taɓa yi wa kowa gori ba, ashe huci ma gori ne.

Surukata ce ta gyara abin, Allah ya jiƙanta. Ta zo daga ƙauye duba su, ta kwana biyu tana kallonmu. Ita ta ga farin 1973 da idonta, ta ga na 1984, kuma ta ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 a bakin kakanninta. Ba ta yi wa'azi ba. Ta karɓi makullin sito daga hannuna ta miƙa wa 'yarta, ta ce daga yau ke za ki riƙa aunawa, ke kuma, wato ni, ki riƙa girkawa. Ta sa aka daina zuba wa 'yan gida daban, baƙi daban, maza tire ɗaya, mata tire ɗaya. Daga baya ne na ji hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su a kan haka. Tsohuwar ba ta san hadisin ba, amma shi ta aikata. Daga ranar azumin ya tsaya. Mai riƙe da makulli ba baƙuwa ba ce.

Shi ma taubashin ɗana, aiki ne ya dawo da shi. Yana da rago da ya yi wata da watanni yana kiwo don ya sayar da Babbar Sallah, ruwa ya tafi da shi, kuma na lura ragon ya fi komai tsaya masa a rai, ya fi kayan sawarsa. Maigida ya sayo ragon layya da wuri, ya ce masa ga amana. Ya riƙa tashi da asuba yana haɗa dusa da kanwa, yana jan ɗana su je yankan ciyawa bayan gari. Ɗan birni da lauje, ku zo ku ga abin dariya. A wajen ciyawar ne tsokanarsu ta dawo. Ranar Sallah, 21 ga Agusta, da aka kwantar da ragon, shi ya riƙe ƙafafu, kuma shi ya fi kowa cin soye.

A tsakanin nan ne ɗana ya ba shi littafin nan da na taɓa karantawa. Na so in hana, ina gudun a fama masa ciwo, amma ya karɓa. Turancinsa bai kai na ɗana ba, ya yi kusan wata yana fama da shi. Da ya gama na tambaye shi yaya ya gani. Ya ce labarin ya yi daɗi, amma wanda ya rubuta bai san wari ba. Wai bayan ruwa ya ja, warin laka da mushen dabbobi shi ne abin da ba ya barin hanci, kuma babu shi a littafin ko sau ɗaya. Ya ce kuma yarinyar cikin labarin ta cika tunani mai kyau. Shi lokacin da yake kan rufi da ƙanwarsa a baya, bai tuna alherin iyayensa ba, bai yi nadamar rashin jin magana ba, abin da kawai yake ta juyawa a ransa shi ne kada zanin goyon ya kwance. Ɗana yana zaune yana ji. Ban taɓa ganin ya yi shiru irin na ranar ba.

To, Maman 'yan biyu, ga abin da zan ce miki kai tsaye. Kada ki mai da littafin bulala. Wannan "kin ga yadda wasu suke wahala, ke kina raina abinci" da muke yi, ni na yi shi har na gaji, ba ya haifar da komai sai yaro ya tsani labarin da masu wahalar gaba ɗaya. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, na ga iyaye suna tura wa 'ya'yansu hotuna a WhatsApp da "ku gode wa Allah" a ƙasa. Masifar wani ba allon karatun ɗanki ba ce. In za ki nuna mata, ki haɗa da tambayar me za mu aika.

Ki karanta littafin ke ma, ko ki sa ta ba ki labarinsa kuna tsinke zogale, ki bar ta ta zama malama. Ki tambaye ta, in aka ce minti biyar gare ki ki fita daga gidan nan, me za ki ɗauka? Amsar za ta ba ki mamaki. Mu a dalilin wannan tambaya ne takardun haihuwa da na makaranta suka koma cikin leda biyu a saman durowa, don Goggon yara ta sha wahalar sake neman nasu. Sannan ki ba ta makullin sito na mako ɗaya, da kuɗin cefane a hannunta, ta auna, ta lissafa, ta ga yadda tiya take ƙarewa. Yarinyar da ta san nawa ake sayen manja ba sai an ce mata ta gode ba, kuma in ta tura baki a kan miyar kuka, aƙalla ta san dalilin da ya sa aka yi ta. In kakarta tana raye, ki tura ta can ta kwana biyu ta tambayo labarin shekarun fari. Tsofaffinmu suna ɗauke da labaran da suka fi na littafin tayar da tsigar jiki, ba mai tambayarsu ne kawai.

Zancen komawa tura baki kuwa, kada ya dame ki da yawa. Shekara 15 ce. Ɗana ma bayan baƙinmu sun koma, da kaka, wata uku cif, bai zama mala'ika ba, mun ci gaba da faɗa a kan wanke kwanonsa. Abin da ya canja kaɗan ne, sai mai lura. In hadari ya haɗu da dare yakan ɗauki waya ya kira Jibiya, ba ya cewa komai na kirki, tsokana ce kawai, wai ɗan ƙauye ka ɗaure ragonka? Su yi ta zagin wasa har ruwan ya ɗauke. Yanzu dukansu sun zama magidanta ƙanana a ido, amma ba su daina ba.

Littafin kuma yana can Jibiya. Duk zuwan da ɗana zai yi sai ya ce a ba shi kayansa, taubashin ya ce ai ruwa ya tafi da shi.