Filin Lambu: Na'a-na'a mai yaɗo da zafin Yauri

Tambaya: Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni matar aure ce a Yelwan Yauri. Da sanyin da ya wuce ƙanwar maigidana ta kawo mini tsarabar wata irin na'a-na'a daga wurin masu sayar da furanni a Abuja. Ba irin ta shayi ba ce. Ganyenta ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, ba ta miƙewa sama, shimfiɗuwa take yi kamar darduma, in ka shafa ta ƙamshi ya kama hannunka. Da hunturu ta yi kyau har ta rufe bakin robar fentin da na dasa ta. Da bazara ta shigo sai gefenta ya fara bushewa, na koma ba ta ruwa safe da rana da yamma. Yanzu da damina ta zauna tsakiyarta ya yi baƙi, ya yi laushi, har yana wari. Abin da ya saura bai fi tafin hannu ba. Baba, ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Yadda kika kwatanta ta, wannan na'a-na'ar Kosika ce, wadda masana tsirrai ke kira Mentha requienii. Asalinta tsibiran Kosika da Sardiniya ne a Bahar Rum, inda take fitowa cikin inuwa, a wurare masu damshi na kan duwatsu. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa, kuma saiwarta a sama-sama take, ba ta nitsewa ƙasa ta nemi sanyi kamar yadda zogale ko rama ke yi. Duk abin da ya sami saman ƙasar tukunya, ya same ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da kike gani yau tun watan Afrilu ya faro. A lokacin zafin ƙasar Kabi yakan haura digiri 40, roba kuwa tana shan zafi ta riƙe, balle in a kan siminti aka ajiye ta. Saiwar ta dahu, ta kasa jan ruwa, ganye ya yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take. Ke kuma da kika ga yaushi sai tausayi ya sa kika ƙara ruwa, kuma kowa ma haka zai yi. To amma saiwa tana numfashi. In ƙasa ta cika da ruwa dare da rana, iska ba ta samun wurin shiga, sai saiwar da zafi ya riga ya raunana ta fara ruɓewa. Daga nan markar Agusta ta zo ta ƙarasa. Ku a Yauri kuna bakin Kwara, ga tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968, laimar iskarku ta fi tamu ta Birnin Kebbi. Shukar da ganyenta ya cushe kamar darduma ba ta bushewa tsakanin wannan ruwa da na gaba, shi ya sa fumfuna ke fara cinta daga tsakiya, inda iska ba ta ratsawa.

Ni ma haka na rasa tawa ta farko, a cikin roba, a tsakar gida. Na yi kwanaki ina jin zafin abin, domin wanda ya ba ni ita daga nesa ya ɗauko ta.

Tafin hannun nan da ya saura ya isa, amma kada ki bari ya kwana biyu. Ki sa wuƙa mai tsafta ki yanke duk inda ya yi baƙi ki zubar nesa da sauran shukokinki, har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Koren da ya rage ki ɗago shi a hankali da 'yan saiwoyinsa, ki raba shi gida uku, kowanne da mazubinsa. Wannan rabawar ita ce ta fi komai muhimmanci a wurina, don in ɗaya ya tafi kina da biyu.

Mazubi kuwa ki nemi kasko na ƙasa mai faɗi, marar zurfi, a huda masa gindi wuri uku ko huɗu. Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tana tsatsafowa ta jikinta, haka kasko ke yi wa saiwa. Kada ki ɗebo lakar fadama. Tana da albarka ga shinkafa, amma a cikin kasko damewa take yi ta toshe. Ni abin da nake haɗawa shi ne awo 2 na yashin gulbi, awo 1 na buntun shinkafa da aka babbaka, awo 1 na kashin awaki da ya shekara ya koma kamar ƙasa. Takin zamani ki bar shi gaba ɗaya a yanzu, yuriya ƙona irin wannan ganye take yi.

Ki ajiye kaskon ta gabashin ɗaki, ƙarƙashin rumfa ko baranda, inda hantsi zai taɓa shi zuwa kamar ƙarfe 9 sannan inuwa ta rufe shi. Ki ɗora shi a kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa, kuma ruwan indararo kada ya zuba a kansa. Ban ruwa da safe kawai, ta gefen kasko, ba ta kan ganye ba. Ki riƙa tura yatsa: in kin ji damshi ki ƙyale ta, in saman ya fara sha ki ba ta. Sai dai ki kula, wannan ba ta da haƙurin 'yar'uwarta ta shayi. In ta bushe ƙamas sau ɗaya, da wuya ta dawo.

In Allah ya kai mu Maris, ki saka kaskon cikin wani da ya fi shi girma, ki cika tsakaninsu da yashi, ki riƙa jiƙa yashin. Dabarar tukunya cikin tukunya ke nan da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana tumatir da ganye, har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki ne da busasshiyar iska, don haka a Maris da Afrilu za ki ga amfaninta sosai. Da zarar hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, sanyin da take bayarwa raguwa yake yi, sai ki fitar da kaskon ki koma dogaro da inuwa da iska.

Ba zan ɓoye miki ba, 'yata, ko kin yi duk wannan tana iya tafiya a wata bazarar. Saboda haka ki dasa na'a-na'armu ta gida a wani mazubin daban don shayin maigida, ita kuma wannan ki riƙe ta don ƙamshinta. Ki rubuto mini da kaka in ji yadda guda ukun suka yi.

Tambaya: Baba, ni mai shayi ne a Jega. Na'a-na'ar da na shuka a rabin jarka bayan tebur ɗina shekara biyu ke nan. Yanzu karanta ya yi tsawo, ganye ya ƙanƙance, ƙamshi ya ragu, har fure take yi.

Amsa: Ɗana, saiwa ce ta cika jarkar, abinci ya ƙare. Ka yanko kawuna masu lafiya, tsawon yatsa, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma su a kofin ruwa a inuwa, kana canja ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga farar saiwa. Ka juye tsohuwar ƙasar, ka zuba sabuwa da taki, ka dasa su, kuma ka mai da hakan al'ada duk shekara a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da zafi ya sauka. In za ka tsinka wa masu shan shayi, ka riƙa cire kan reshe gaba ɗaya maimakon tsintar ganye ɗai-ɗai, wurin da ka yanke zai yi toho biyu. Fure kuma da ka gan shi ka cire.