Tambaya da Amsa: Kwatar Layinmu Ta Toshe, Wa Za Mu Kai Wa Kuka?

TAMBAYA: Salam Anti. Ni a unguwar Rigasa ta Kaduna nake, wallahi duk damina kwatar layinmu sai ta cika da leda da robar lemo, ruwa ya dinga shigo mana har tsakar gida, ga sauro ya hana yara barci. Dan Allah ina za mu dosa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi, abin nan yana ci min rai sosai. Kin ga Rigasa duk girmanta ƙarƙashin ƙaramar hukumar Igabi take, sakatariya kuma tana can Turunku, to ba sai kin kwashi jiki kin tafi can ba, ku fara da mai unguwa shi zai haɗa ku da kansilan mazaɓarku. Ku rubuta takardar koke, magidanta su sa hannu, ku ɗau hoton wajen a waya ranar da aka yi ruwa ku haɗa da shi, don baki kawai ba ya zama shaida.

Kafin nan matasa su fito aikin gayya ranar Asabar da shebur da baro, amma dattin da aka yaso a kwashe shi ranar, in aka bari a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi.