Amsa: Binciken rajistar saba ba tare da tona asirin masu amfani ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya gano masu kutse a rajistar ayyukan saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko manhaja) alhali an kulle bayananta da makullin sirri, ba tare da mai bincike ya ga bayanan mutane ba. Ana iyawa, amma kada ka fara da hanya mafi wuya.

Tun kafin a rubuta layi cikin rajista, a tsaga shi. Lokaci da lambar kuskure su zauna a fili. Sunan mutum da adireshin IP (lambar na'urarsa a intanet) kuwa a mayar da su lambar ɓoye ta HMAC-SHA256 (lissafin da ke haɗa bayani da makullin sirri ya fitar da lamba), makullin kuma a ajiye shi wani wuri daban. Muddin makullin bai sauya ba, adireshi ɗaya kullum lamba ɗaya zai bayar, don haka za ka hango wanda ya gwada kalmar sirri sau ɗari cikin minti biyu ba tare da ka san ko wane ne ba.

Don Allah kada ka yi SHA-256 zalla babu makulli, wannan kuskuren yana damuna ƙwarai. Adiresoshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin IP, ba su wuce biliyan 4.3 ba, kwamfuta za ta gwada su kaf ta warware komai.

Akwai kullewar da ake lissafi a kanta ba a buɗe ba. Masanin kwamfuta Craig Gentry ya fito da cikakkiyarta, mai karɓar kowane irin lissafi, a 2009, tsarin Paillier na 1999 kuma tarawa yake iyawa. Cikakkiyar tana da nauyi ga rajista mai miliyoyin layuka, ni ba zan ɗora maka ita yanzu ba.

Idan kana da masu amfani a Turai, dokar kare bayanan mutane ta GDPR tana ɗaukar waɗannan lambobin a matsayin bayanan mutum muddin makullin yana nan. Ka riƙa sauya shi, ka taƙaita masu riƙe shi.