Amsa: Soket na zafi a gidan haya, mai gida ya yi shiru

Ɗan'uwa, ka ce a gidan da kake haya a Gusau soket yana zafi, firji na jan hannu, mai gida kuma kullum sai "za a duba". Tun yau ka cire firjin daga wuta, ka daina amfani da soket ɗin.

Jan hannun nan yawanci yana nufin babu wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, ko ta yanke. Zafin soket kuwa, ko haɗin ya saki, ko an sa siririyar waya mai lambar kauri 1.5 inda ya kamata a sa mai 2.5. Kira mai gyaran wuta da ya san aikinsa, ya hau silin ya duba, don ɓeraye na cin waya a can, ga damina na zuwa.

Ɗauki hotuna, tura wa mai gida a rubuce ta WhatsApp, ka sanar da mai unguwa. Kada ka yanki kuɗin gyara daga haya sai kun amince gaban shaidu.

Matsalar daga turke zuwa mita ta Kaduna Electric ce, su ke raba wuta a Zamfara. Ta cikin gida, in mai gida ya ƙi gyara, kai ƙorafi hukumar NEMSA, wadda ke duba ingancin haɗin wutar lantarki a Najeriya.