Kebul biyu tsakanin modem da rauta: abin da na gani da na gwada

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, kana biyan kuɗin layin megabit 1,200, amma duk gwajin da ka yi gudun ba ya wuce 940. Ga modem ɗinka, wato na'urar da ke karɓo intanet daga layin kamfani, da ramin kebul biyu a bayansa, shi ne kake tambaya ko haɗa su duka da rauta, mai rarraba intanet ɗin ga na'urorin gida, zai ninka maka gudun. Na yi wannan aikin da hannuna, na zauna da shi fiye da shekara guda, don haka bari in ba ka labari.

Da farko dai, 940 ɗin nan ba cutarka aka yi ba. Ramin gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, iyakarsa ke nan, domin kowane ƙunshin bayanai yana tafiya da adireshi da wasu bayanan tsari a jikinsa, su suke cinye ragowar. Ni ma sai da na canza kebul har sau biyu ina zaton shi ne matsalar, ashe ramin ne ya cika.

Haɗe layukan da kake nufi yana da ƙa'ida, ita ake kira LACP. An fitar da ita a shekarar 2000 da lamba 802.3ad, daga baya a 2008 aka mayar da ita 802.1AX. Dole modem da rauta su zama duka sun san ta. Ramuka biyu kawai ba su isa ba, sai ka duba takardar na'urar ka gani a rubuce. Modem irin su Netgear CM1200 da Motorola MB8600 suna yi. A raututoci da yawa kuma za ka ga ramin WAN, wanda kebul ɗin modem ke shiga, shi ake aurarwa da ɗaya daga cikin ramukan LAN, waɗanda ake jona kwamfutocin gida a ciki, kuma ramin da aka ware ne kaɗai zai yi, ba wanda hannunka ya kai ba.

Kuskuren da na tafka ranar farko shi ne na soka kebul na biyu tun ban kunna komai ba. Nan take intanet ya ɗauke a gidan gaba ɗaya, fitilu na ta ƙiftawa amma shafi ko ɗaya ba ya buɗewa. Ka bar kebul ɗaya tukuna, ka shiga shafin modem, yawancinsu a 192.168.100.1 suke, ka kunna haɗin a can, ka kunna a rauta, ka kashe su duka, sannan ka sa na biyun ka tayar da su.

To ga inda nake so ka natsu. Da komai ya tashi, na zauna gaban kwamfutata da zumuɗi na danna gwaji, sai ga 940 ɗin nan dai ya sake fitowa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai da na yi tunani na gane ai ita ma kwamfutar ramin gigabit ɗaya gare ta, ko nawa ya shigo gidan ba za ta iya ɗaukar fiye da haka ba. Na jona kwamfuta ta biyu, na saki gwaji a kansu lokaci guda, na tara sakamakon, a nan ne na ga jimillar ta haura dubu ɗaya da ɗari.

Ko da kwamfutarka tana da rami mai faɗi, akwai sauran magana. LACP ba ya yanka saukarwa guda ya raba wa kebul biyu. Ka ɗauka kanti ne mai masu karɓar kuɗi biyu. Mai sayayya ɗaya da kwandonsa wajen mai karɓar kuɗi ɗaya zai tsaya, ba a raba masa kaya rabi nan rabi can, don lissafi zai rikice. Haka bayanai suke: in aka watsa ƙunsoshin fayil ɗaya a hanya biyu, na baya zai iya riga na gaba isowa, gudun ma sai ya ragu. Shi ya sa na'urar take duba adireshi, ta ɗora kowace hulɗa a kebul ɗaya, ta bar ta a nan har ta ƙare. Fayil guda ta hanya guda ba zai wuce 940 ba. Shafukan gwajin gudu kuwa suna buɗe hanyoyi da yawa lokaci ɗaya, shi ya sa lambarsu take faranta rai fiye da abin da za ka gani a aikin yau da kullum. Kuma mai turawa shi ke zaɓar kebul, wato a wajen saukarwa modem ne ke yanke hukunci, kai ba ka da ta cewa. Wani lokaci sai ya jibga manyan saukarwa biyu a kebul ɗaya, ɗayan na zaune ba aiki. Na sha ganin haka.

Wanda layinsa 500 ne ko ma gigabit ɗaya, kada ya wahalar da kansa, kebul ɗaya ya ishe shi. Gudun ɗora kaya a intanet ma ba zai ƙaru ba, don kamfani ne ya ƙayyade shi, mai amfani da waifai daga ɗaki mai nisa kuma ba zai ji wani bambanci ba.

Kai da kake da 1,200, in na'urorinka duka sun riga sun iya, kuma gidan akwai masu jan intanet da yawa lokaci guda, ka kunna abinka, kebul ɗaya kawai za ka ƙara. Amma in har sai ka sayi sabuwar rauta saboda wannan, ina roƙonka ka dakata. Tun 2016 aka fitar da ƙa'idar 802.3bz, wadda ke tafiyar da gigabit 2.5 a kan kebul ɗin Cat5e na yau da kullum har tsawon mita 100. Modem irin Arris S33 da Netgear CM2000 suna da ramin gigabit 2.5 ɗin. Can na koma daga ƙarshe, da rauta mai irinsa da ɗan katin da ya ƙara wa kwamfutata irin wannan ramin, na zare kebul na biyun na naɗe shi na ajiye a aljihun tebur. Ka turo mana sunan modem ɗinka da na rautar, in duba maka ko sun dace da juna kafin ka taɓa saiti.