Na ninka taki a gonar karas amma riba ba ta ƙaru ba

Wani ɗan kasuwa ya turo min tambaya, ya ce ya zuba jari a noman karas hekta ɗaya, ƙaninsa ke kula da gonar. Bana sun sa yuriya buhu takwas da NPK buhu huɗu, ninkin na bara, ganye ya yi kyau sosai amma kuɗin da ya dawo bai kai na bara ba. Wai ko ya ƙara taki a shekara mai zuwa?

Alhaji, dan Allah kar ka ƙara ko mudu ɗaya. Na tambaye ka buhu nawa na karas kuka cire bara, nawa bana, nawa masu saye suka ware suka ce ba sa so, ka ce sai ka tambayi ƙaninka. Toh nan matsalarka take, ba ka rubuta komai. Kai da ba ka yarda kaya su fita shagonka sai an shigar a littafi, amma ka zuba kuɗi a ƙasa wata uku cur ba ko takarda ɗaya!

Duba lissafin. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ne naitirojin, wato sinadarin takin da ke sa ganye ya tashi, buhu mai kilo 50 yana da kilo 23, takwas kenan kilo 184. NPK 15-15-15, mai naitirojin kashi 15 cikin ɗari, buhu huɗu sun ƙara kilo 30. Kun haura kilo 200 a hekta ɗaya, alhali karas ba masara ba ne, kusan rabin wannan ya ishe shi a yawancin gonaki. In naitirojin ya yi yawa ganye ne ke tashi, saiwar da za ka sayar kuma ta tsage ko ta yi gashi-gashi, ga saurin lalacewa bayan an cire, kaga ka biya kuɗin taki sannan ka sake biya a faɗuwar farashi.

Na taɓa zama da wani da ya yi shekara uku yana haka, kullum ganyen gonarsa ake yabo, shi kuma yana mafarkin mota. Ranar da muka tattara rasit ɗinsa wuri ɗaya muka buga lissafi ya yi shiru ya daɗe bai ce komai ba, wallahi har yau abin na damuna, don tun shekarar farko littafi ɗaya ya isa ya nuna masa.

Buhun taki na farko shi ke kawo ƙari mai yawa, na biyu ƙasa da haka, a haka har ka zo buhun da bai biyan kuɗin kansa, kuma ba mai gane wannan buhun da ido. Don haka shekara mai zuwa ka raba gonar gida uku, taki kaɗan, matsakaici, da irin na bana, a riƙa sa shi kashi biyu ko uku ana rufewa da ƙasa kar ya bi iska. Kowane ɓangare a auna shi daban, mai kyau daban, wanda aka ware daban. Littafin kuma a hannunka zai zauna, ka je gonar da kanka ranar cirewa.